Sunan da Na Rubuta a Jikin Kulolina

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi mini ƙarya har tsawon shekara bakwai, kuma ranar da na gano ba za ta taɓa fita daga raina ba. Na faɗa masa ido da ido, yanzu kuma ga shi ina rubutawa da hannuna.

Ni na kawo shi Agege, a nan Legas. Jigilar fata yake yi a mayanka, da yamma ya zauna bakin rumfata da gurminsa yana damun masu cin tuwo. Nan ya haɗu da wani Bayarabe mai jitar lantarki, suka jawo wani mai ganga ɗan Jos, sai ƙanena ya kafa ƙungiya. Gurmi da jita a waƙa ɗaya! Dattawan unguwa suka ce wannan hayaniya ce. Amma daga gidajen biki sai ga su a rediyo, har direbobin danfo, motocin hayar Legas, suna sa su.

Waƙar da ta ɗaga su tawa ce. Ina tuƙa tuwo na ƙirƙire ta: "Legas ta cinye takalmina, ba ta cinye ƙafata ba." Da faifansu ya fito ya kawo mini, ya ɗora yatsa kan wata kalma a bayan kwalin ya ce, "Yaya, ga sunanki nan." Lokacin ko harafi ɗaya ban sani ba. Na yi ta kwaikwayon zanen har hannuna ya saba, na bi kulolin abincina na rubuta shi da jan farce.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar farko malama ta tambaya ko akwai wadda ta iya rubuta sunanta. Na miƙe da gadara na cika allo. Ta dubi allo, ta dubi rajista.

"Mama, me kika rubuta?"

"Sunana mana."

"Ai Gargajiya kika rubuta."

"Wace ce kuma Gargajiya?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce ita ce ba ta iya karatu ba. Ba ta yi fushi ba, ta nuna mini sunana a rajista, ɗan guntu, bai kai rabin wancan ba. Kaina ya ɗaure. Ashe shi ya sa 'yan kabu-kabu ke ce mini Mama Gargajiya? Ni da nake zaton daɗin miyar kukata suke yabo! Duk masu karatun da suka ci tuwona sun ɗauka sunan rumfa ne.

Bayan la'asar na samu ƙanena da 'yan ƙungiyarsa a ɗakin da suke gwaji. Na wurga masa kwalin.

"Karanta mini wannan, kai mai ilimi."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, kin manta? Ke kika ce idan maigidanki ya ji sunanki a harkar waƙa kin shiga uku."

Na tsaya cak, don gaskiya ne, na faɗa.

"To me ya sa ka ce sunana ne?"

"Yadda kika riƙe kwalin nan ranar, bakina ya kasa."

"Maigidan ya rasu shekara biyu ke nan. Me ya hana ka gyara? A rediyo ma ka ce waƙar kakanni ce. Ni ce kakar taka?"

Sai ya shiga murɗa tsirkiyar gurmi. Mai jitar yana ta ba ni haƙuri da Yarbanci. Na fito ban san ko in zagi ƙanena ko in gode masa ba. Rufa mini asiri ya yi, ko ƙwace ya yi mini? Har yau in na tuna, wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan. Ya yi nisa a waƙa, muna zumunci, amma ban samu amsar ba.

Abu ɗaya dai na tabbatar: muddin ban iya karanta abu da idona ba, duk wanda ya nuna mini da yatsa shi ke da iko da ni, ko da ɗan'uwana ne mai ƙaunata.

Washegari na goge kulolin nan tas da kananzir. Na riga kowa zuwa aji, na ajiye littafi gaban malama na ce, "Fara mini da harafin farko na sunana. Na ainihin."