Rabonmu na Ganuwa

Duk sanda ruwan sama ya taɓa duwatsun Makka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan mayar da ni Nakkasa, unguwarmu ta Hausawa a nan Makka, kan tudun da aka haife ni. Ba kullum muke samun ruwa ba, amma in ya zo, da ƙarfinsa yake zuwa, ya zaizaye matakalar da muke hawa zuwa gidajenmu.

Washegari kakata, mahaifiyar babana, takan zauna a bakin ƙofa da carbinta, ta raba gyaran matakalar gida-gida. Ba wanda ya naɗa ta, ba kuma mai musa mata. Takan ce haka kakanninta suka gaya mata ana yi a Kano tun kafin zuwan Turawa, lokacin da kowane birni ke riƙe da kansa: Katsina da sarkinta, Zazzau da nata, kowa da kasuwarsa da ƙofofin da ake rufewa da magariba. Damina na wucewa, kowace unguwa sai ta fito ta yaɓe rabonta na ganuwa, domin inda aka bari, ta nan mahara ke shigowa. Nakan kwanta a cinyarta ina kallon hasken Harami daga nesa, ina ganin jan birnin nan na Kano a zuciyata kamar amarya cikin lulluɓi, alhali ban taɓa taka shi ba.

Shekarar da aka shafa wa bangayenmu jan fenti, alamar hukuma za ta rushe unguwar, ruwa ya sake cinye matakalar. Babana ya ce ba zai ɓata siminti a kan abin da za a baje ba. Maƙwabta suka zuba ido suna jira, don in gidanmu ya ƙi, kowa zai ƙi, tsofaffin saman tudu kuma sun rabu da masallaci ke nan.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaura ɗamara, ta ɗauki bokiti.

"Inna, gobe fa ana iya rushewa," in ji babana.

"To, a rushe shi a gyare," ta ce. "Kada a ce ta wajenmu gari ya fara faɗuwa."

Ya karɓi bokitin yana sunkuyar da kai. Kafin la'asar duk tudun ya fito, Bakatsine da Bazazzagi da mutumin Damagaram, kowa a durƙushe a kan rabonsa. Watanni kaɗan matakalar ta yi kafin a rushe unguwar, amma a kanta aka sauko da gawar Kaka, ba wanda ya yi tuntuɓe.

Yanzu muna zaune a bene mai hawa da yawa, ban san sunan maƙwabciyata ba. Jiya ruwa ya shigo da laka, na fita da tsintsiya. 'Yata ta tambaye ni da Larabci me ya sa, tunda akwai mai shara. Na amsa mata da Hausa cewa daga ƙofarmu zuwa kwanar nan, rabonmu ne. Sai ta koma ciki ta ɗauko bokiti.