Telar da Ake Kira Ƙara-Inci

A layinsu ba mai ce mata tela, Ƙara-Inci ake kiranta, kuma ita ce ta ƙarshe da ta ji sunan.

Ɗinki ita ta zaɓe shi da kanta, bayan ta gaji da zaman kantin mijinta tana ƙulla wa mutane sukari a leda. Ta shiga koyo wajen wata tsohuwar tela, wadda ta bar ta da guga da ɗinka maɓalli shekara da shekaru. Ranar da aka fara miƙa mata almakashi, ta yanka hannun riga ya gaza. Uwar ɗakin nata ba ta zage ta ba, da ma zagin ta yi da ya fi sauƙi. Ƙusa ta samo ta kafe hannun rigar a saman ƙofa, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Don Allah wannan koyarwa ce ko mugunta?

Tun daga ranar tsoro ya shige ta. Za ta auna mutum daidai, ta ja alli daidai, amma da almakashi ya hau layi sai zuciyarta ta ce, in kuma ya gaza fa? Sai ta matsa waje da inci guda, a kafaɗa, a ƙugu, a ko'ina. Har ta buɗe nata shagon, ɗan ɗaki da keke ɗaya da madubi mai tsaga, halin bai sake ta ba. Riguna suna fitowa kamar buhu, masu kaya suna karɓa da fara'a, sai dai ba sa dawowa. Mijinta ya fara tuna mata cewa kujerarta a kanti tana nan tana jira.

Wata safiya ta tsallaka titi aron baƙin zare wajen telan da shagonsa ke kallon nata. Ta same shi yana farke wata riga. Kallo ɗaya ta gane ɗinkinta. Rigar yayarta ce, wadda yayar ta gwada a gaban madubi tana ta sa mata albarka.

"Malam, wannan fa?"

"Ragewa aka kawo," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Ai duk kayan Ƙara-Inci ta nan suke biyowa." Sai da magana ta fita ya ga da wa yake yi.

Ta fizge rigar. Ko shago ba ta rufe ba ta nufi gidan yayar, ranta yana tafasa. Ta iske ta tana wanke-wanke.

"Yaya, ni za ki yi wa haka? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Ke, rage murya. Ba na so in kashe miki gwiwa ne."

"Shi ya sa kika bari duk layi yana yi mini dariya? Tsohuwar da ta koya mini ɗinki ta tozarta ni a fili, ke kuma kin lulluɓe ni da ƙarya. Wallahi gara ita!"

Da kumfar sabulu a hannun yayar, Ƙara-Inci ta ja ta har shago. Ta zaro yadin da ta saya wa kanta, ta sake auna yayar, ta ja alli. Muryar nan mai cewa in ya gaza fa ta taso kamar kullum, amma yau haushi ya fi tsoro yawa. Ta cije leɓe ta bi layi ƙyas ƙyas, ba ta ƙara ko zare ɗaya ba.

Da la'asar yayar ta saka rigar. Kafaɗa ta zauna, ƙugu ya zauna. Ta buɗe baki za ta fara yabo.

"Kar ki soma. Ɗaga hannu."

Yayar ta ɗaga, hannun ya tsaya a rabi. Ta kalli ƙanwarta, ta kalli ƙasa.

"Faɗi mana!"

"Ta matse ni a hammata."

Ƙara-Inci ta sauke ajiyar zuciya, idonta ya ciko. Tun da ta buɗe shagon nan ba wanda ya taɓa yi mata magana irin ta mai kaya da telarsa sai yau.

"Madalla," ta ce, ta jawo kujerar keke. "Cire ki ba ni."