Bakwai Cikin Goma

A unguwarsu kowa Yatsu yake ce mata. Da safe tela ce, tana kan keke a wani ɗan shago da ƙyalle ya cika. Da yamma ita ce mai ɗaga ƙwallo a ƙungiyar ƙwallon raga ta mata. Aikin kuwa na wahala ne: ki zaɓi wadda za ki ɗaga wa, ita ta yi tsalle ta doka, ita a tafa wa. Yatsu ba ta taɓa jin haushi ba, don yawanci ƙanwarta ake tafa wa, Doguwa, yarinyar da ta goya, ta koya wa tsalle a tsakar gida da igiyar shanya.

Da aka ji wata babbar ƙungiya za ta turo masu duba 'yan wasa, Doguwa ta same ta a shago.

"Yaya, maki suke kallo. Ki riƙa ba ni, ko an tare ni."

"Kowa zai gane inda zan ɗaga fa. Wasa zai lalace."

"Na bana kawai, Yaya."

To, naka sai naka. Yatsu ta yi ta ɗaga mata. Makin Doguwa na hawa, ƙungiya kuwa na shan kashi, don abokan karawa sun gano, sai su jera masu tarewa biyu a hagu suna jira.

Koci ya gaji, ya ɗauko mai lissafi, wani mai tabarau da ya zauna ya kalli bidiyon wasanninsu kaf. A ɗakin sauya kaya ya buɗe kwamfuta ya nuna musu. Cikin kowace ƙwallo goma da Yatsu ta ɗaga, bakwai wajen Doguwa suke zuwa. In wasa ya yi zafi, dukansu. Mai dukan tsakiya tana ta tsalle a banza. Bawan Allah bai yi ƙarya ko ɗaya ba.

"Wa ya sa ki haka?" in ji koci.

Yatsu ta dubi ƙanwarta. Kalma ɗaya take jira. Doguwa na sunkuye tana ɗaure takalmi, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ni ma na sha gaya mata, Koci, ta riƙa rarrabawa. Kafaɗata har ciwo take," in ji Doguwa.

Ashe haka ne. A ranar aka ba wata gurbinta, ita aka mayar da ita benci. Doguwa kuwa babbar ƙungiya ta ɗauke ta.

Ana gab da tafiyarta aka ce ta turo ɗan bidiyo tana duka. Ka ji ƙarfin hali, sai ga ta a ƙofar shago.

"Yaya, ba mai ɗaga min kamarki."

Yatsu ta rufe shago ta bi ta filin wasa. Duk hanya tana saƙawa: za ta ɗaga mata a ƙasa, manne da raga, ta ji kunya a gaban kyamara.

Aka jefo ƙwallo. Kafin zuciya ta yi magana, yatsu sun yi abin da suka saba: sama, taki ɗaya daga raga, daidai inda Doguwa ke so. Ta tashi ta doka, ƙwallo ta yi ƙara a ƙasa.

"Na gode, Yaya."

Yatsu ta tsaya tana kallon hannuwanta. Har su ma ba sa bayanta. Ta koma shago ta hau keke, filin kuwa ba ta sake taka shi ba.