Tsanin Mai Fenti a Cikin Sarƙa

Duk wanda ya taɓa bi ta layin nan ya san gidan Mai Fenti, domin shi ne gida ɗaya tilo da bai taɓa ganin fenti ba. Mutumin da ya shafe rabin gidajen unguwa, har da makaranta da shagon magani, nasa bangon yana nan launin siminti tun ranar da magini ya sauko. Silin ɗakin kwanansu kuwa yoyon ruwan sama ya yi masa zane iri-iri, har jikoki kan kwanta su riƙa nuna wa juna inda ya yi kama da akuya. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Bari in gama na mutane."

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa ba ta rabuwa da ɗigon farin fenti, har ba a san inda furfura ta tsaya fenti ya fara ba. Bai yi karatu mai nisa ba, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Abin alfaharinsa a duniya tsaninsa ne, dogon tsanin katako da ya girmi 'ya'yansa duka. Kowane launi da ya taɓa shafawa a gidan wani ya bar tabonsa a jikin tsanin nan. A kafaɗa yake ɗaukarsa, kuma in aka kira shi daga baya juyowa yake yi gaba ɗaya ba tare da ya duba ba. Hulunan da ya tuge wa mutane ta haka ba su ƙirguwa.

Ranar da abin ya same shi, yana shafe silin wani sabon shago ne a bakin titi, kai a ɗage, hannu a sama. Babbar 'yarsa, wadda shi yake kira Uwata, 'yan layi kuma suke kira Kwamanda a bayan idonta, ta biyo ta nan daga kantin da take aiki don ta gaishe shi. Sai ta tarar da shi a gindin tsani, zaune cikin farin fenti, idanunsa a juye, ba ya amsa kira. Bai daɗe ba ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya zubar da bokitin. Amma ita abin da ta gani ta riga ta gani.

A asibiti ya yi wa likita bayani da kyau. Ya ce wani tsuntsu ne ke shiga ƙirjinsa ya riƙa fuffuka, sai jiri ya biyo baya. Ya ce ya jima yana zuwa, kuma ba ya zuwa sai yana aikin sama. Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi, inji ya fitar da doguwar takarda. Zuciya tana tafiya daidai kamar soja a fareti. Aka sake wata rana, haka dai.

"Na san irinta," in ji Mai Fenti yana ɓalle maɓallan rigarsa. "Na yi aiki da ma'aikata irinta. In mai gida yana tsaye, ba ka da kamarsu. Juya baya ka gani."

Likita ya yi dariya, ya ce ai shi ya sa za a sa mata ɗan leƙen asiri. Ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba. Za a manna ta a ƙirji, ta yi mako biyu tana sauraron bugun zuciya, tana aika abin da ta ji zuwa asibiti ta wayar hannu. In tsuntsun ya zo, Mai Fenti ya danna ɗan madannin da ke tsakiyarta, su kuma can za su duba abin da zuciyar ta yi a daidai lokacin. Likita ya ce ya ci gaba da harkokinsa kamar kullum, amma ƙafarsa kada ta bar ƙasa, kuma kada ya yi aiki shi kaɗai. Maganar tsani kuwa sai an kama ɓarawon an san ko wane ne. In ba a kama ba, ba zai ce a hau ba.

Nas ta aske masa gashin ƙirji ta manna abin. Da labari ya kai wa Mai Aski, maƙwabcinsa na jikin katanga, har gida ya zo.

"Shekara da shekaru ina fama da wannan kan naka mai kama da dutse, ko sau ɗaya ban yanke ka ba. Da aka zo aski mai daraja sai ka kai wa baƙuwa."

"Ita ba ta da surutu," in ji Mai Fenti.

To, Kwamanda ta je asibitin nan da kunnuwa biyu, amma da rabin magana ta dawo. "Kada ƙafarsa ta bar ƙasa" ta ji shi sarai. "Ya ci gaba da harkokinsa" kuwa a bakin ƙofar asibiti ta yar da shi. Ranar ta sayo sarƙa da kwaɗo, ta ɗaure tsanin a jikin bishiyar tsakar gida, ta rataya makullin a wuyanta. Ta ce in mako biyun nan ya cika likita bai yarda ba, kafinta zai zo ya mayar da tsanin benci.

Daga nan gida ya koma asibiti. A ganinsu, mutumin da aka manna wa inji a ƙirji ai majinyaci ne, majinyaci kuwa kwanciya yake yi. Aka tara masa matasan kai. Ruwa ma kawo masa ake yi. In ya miƙe za shi bayi, sai an tambaye shi ina zuwa. Dangi suka yi ta zuwa dubiya, kowa ya zauna ya sunkuyar da kai, ya yi masa sannu da ƙaramar murya, sannan ya roƙi a ɗaga rigar ya ga abin. Wata gwaggonsa ta ce a rufe na'urar da bargo kada sanyi ya shige ta.

Zuciya kuwa ta samu abin da take so. Ko gezau. Kwanaki suka yi ta wucewa, Mai Fenti na kwance yana kallon akuyar silin, akuya na kallonsa. Ta taga yana hango tsaninsa a ɗaure kamar ragon da ya yi ɓarna. Mako guda ya wuce, na biyu ya kama hanya, ko sau ɗaya bai danna madannin ba.

Nas ta kira ta ce na'ura na aiki lafiya, ba a dai ga komai ba tukuna. Ta tambaya ko Baba na harkokinsa kamar yadda aka ce. Kwamanda, wadda ta karɓe wayar, ta ce, "Yana nan muna kula da shi sosai." Ta kashe.

"Uwata, ba ki amsa abin da aka tambaye ki ba."

"Baba, ni na tsince ka a ƙasa, ba Nas ba."

A nan kam ba ta yi ƙarya ba. Amma da safe, bayan ta fita kanti, ya kira matarsa. Ta shigo tana goge hannu a zani.

"Hajiya, silin nan. Wane launi kika ce kina so?"

Ta dube shi, ta dubi silin, ta sake dubansa. "Malam, zazzaɓi kake yi?"

"Lafiyata ƙalau, kuma ita ce matsalar. Likita ya ce in yi aiki, ƙafa a ƙasa, da mutum kusa. Ga ƙasa, ga ki. In na ci gaba da kwanciyar nan abin ba zai zo ba, za a cire na'ura a ce ba a ga komai ba, ki wayi gari kina zaune a kan tsanina kina tsince wake."

"In ka faɗi fa?"

"In zan faɗi, gara in faɗi a kan katifa abin nan yana saurare, da in faɗi wata rana a titi ba mai shaida."

Ta ɗaga kai ta sake duban silin. Ita ma da kunnenta ta ji likita ya faɗi haka, tsoron 'yarta ne ya hana ta magana. Ga kuma silin da ta kusa tsufa tana jira.

"Shuɗi mai haske," ta ce. "Ba irin na shagon magani ba."

Aka kira Mai Aski ya taya fitar da gado da kabad. Aka shimfiɗa katifa a tsakiyar ɗaki. Mai Fenti ya ɗauko doguwar sandar da ake share yanar gizo-gizo da ita, ya ɗaure rolar shafa fenti a bakinta da wayar ƙarfe. Ya rufe na'urar da 'yar leda saboda ɗigon fenti, ya bi gefenta da salatif ɗin da yake manna wa tagogi, don gumi kada ya ɓamɓare ta. Matarsa ta tsaya a bayansa, waya a hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugun wandonsa. Mai Aski ya zauna a bakin ƙofa yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

"Ka bar waje can."

"Kai ma ka bar waje a ƙeyata tun bara, na yi magana?"

Akuya ta fara ɓacewa daga wutsiya. Mai Fenti na ɗaga sanda yana saukewa, kai a ɗage, gumi na bin wuyansa, yana 'yar waƙarsa ta aiki wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Ya kai rabin silin ke nan sai ga Kwamanda, ta dawo ɗaukar abin da ta manta. Ta tarar da gado a tsakar gida. Ta tsaya a ƙofar ɗaki, Mai Aski ya matsa gefe ya zama kamar ba ya nan.

"Baba, sauke sandar nan."

"Ƙafata na ƙasa. Duba."

"Mama, har da ke?"

"Ni riƙe shi kawai nake yi," in ji uwar, ba ta saki wandon ba.

"Kashe kanka za ka yi a kan tsohon katako?"

"Katakon nan shi ya ciyar da ke har kika yi ƙarfin ɗaure shi. Ni ba gawa ba ne, Uwata, ki daina yi mini shimfiɗa. In da ciwo a nemo shi a ba ni magani. In babu, a ba ni makullina. Amma ba zan kwanta in taya zuciyata ɓoye laifinta ba."

Ya sake ɗaga sandar, ya ja layi ɗaya, ya ja na biyu. A na uku ya tsaya. Fuskarsa ta sauya. Ya jingine sandar a bango a hankali, kamar mai ajiye jariri, ya zauna a kan katifa.

"Ga shi nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ya iso."

Ya cusa hannu cikin riga ya danna madannin ta saman ledar da yatsa mai shuɗin fenti. Kwamanda ta durƙusa ta tallafi kansa. Ta kama wuyan hannunsa, ta ji abin da bakinsa ya daɗe yana faɗa: bugun na gudu, ya yi tuntuɓe, ya tsaya, ya sake ɓallewa. Uwar ta kira asibiti. Nas ta ce ya kwanta, kada ya motsa, za su duba. Jim kaɗan ta sake kira ta ce sun gani, likita ya ce a kawo shi yau ɗin nan.

Wannan karon bai suma ba. A kwance yake yana haki, amma sai da ya buɗe ido ɗaya ya ce wa Mai Aski, "Rufe bokitin, zai bushe."

Likita ya nuna musu zanen a kan allon kwamfuta. Ya ce ɓangaren sama na zuciyar ne kan rikice ya riƙa karkarwa maimakon bugawa, kuma in aka bar shi haka yana iya tara gudan jini ya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Akwai magani, sai dai sha ne ba fashi. Kwamanda ta sunkuyar da kai. Mai Fenti kuwa kallon zanen yake yi kamar wanda aka nuna wa hoton ɓarawon da ya daɗe yana yi masa sata.

"To, tsanina fa?"

Likita ya ce ya sha magani tukuna, a sake manna na'ura, ya yi aikinsa daga ƙasa a ga yadda za ta kasance. Haka aka yi. Da na'ura a ƙirji ya gama silin, ya shafe falo, ya fito ya shafe bangon waje, har mutane suka riƙa wuce gidan suna neman gidan Mai Fenti. Tsuntsu bai dawo ba. Likita ya ce to, yana iya hawa, amma kada ƙafarsa ta wuce matakalar da ke daidai ƙugunsa in yana tsaye a ƙasa.

Kwamanda ta buɗe kwaɗon da kanta. Kafin ta ba shi tsanin, ta auna shi da ƙugunsa, ta tsoma buroshi a jan fenti ta shafe matakalar. Ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai.

"'Yar mai fenti guda, ki yi wannan aika-aikar? Ji yadda yake zuba."

Ya kankare ya sake shafawa da kyau. Ita kuma ta tsaya a kansa har ya gama, ta sake aunawa da ƙugunsa, don ta san wanda ya haife ta.

Yanzu in ka bi ta layin da safe za ka gan shi, tsani a kafaɗa ɗaya, doguwar sanda a ɗayar, ƙwayoyin magani a aljihun gaba. Hulunan da yake tugewa sun ninka. Rannan Mai Aski ya same shi a wani gida, tsaye cak a kan jar matakala, ya miƙa sandar nan yana shafe can ƙolin bango inda ko da can da ƙyar yake kaiwa.

"Zan gaya wa Kwamanda."

"Je ka gaya mata," in ji Mai Fenti, ko waiwaye bai yi ba. "A kan ƙafata aka yi doka. Ba wanda ya ce komai a kan hannuna."