Ɗumamen Sabuwa

A duk unguwarmu a Malumfashi, Sabuwa matar Malam Sanda ce kaɗai macen da ke kunna wuta don ta sami ƙanƙara. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ita ma wata damina ta zubar da ita ta wajen madafi, ba wanda ya damu ya gyara, don ta nan muke miƙa wa juna gishiri da labari. Ta Bakori take kirana, saboda can aka haife ni. Doguwa ce, bahaguwa, ba ta da yawan magana. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa zamanmu ya yi daɗi.

Firijin nata daga Funtuwa ya zo. Akwai wata 'yar kasuwa Ibo, Adaku, da Sabuwa ta daɗe tana kai wa daddawa da kuka. Da tsufa ya kama Adaku za ta koma gida, ta ce ba ta iya jan wannan ƙaton abu zuwa kudu, ta bar wa Sabuwa, sai Malam Sanda ya ɗoro shi a bayan motar auduga. Farin akwati ne mai murfi a sama, ba ruwansa da lantarki. A ƙarƙashinsa akwai tankin kananzir da lagwani, da wata 'yar wuta shuɗiya da ba ta kai ɗan yatsa ba. Muddin tana ci shuɗiya, abin da ke ciki ya zama dutse. In ta koma ja tana hayaƙi, to ki shirya zubar da miya.

Mata suka yi ta zuwa kallo. Tsohuwa, yayar Malam Sanda da ke aure a Kafur, ta leƙa ƙasa ta ga wuta, ta buɗe sama ta ga ƙanƙara, ta ja da baya tana salati.

"Sanda, wannan ba aikin bil'adama ba ne. Wuta ta haifi sanyi? Ka fitar da shi daga gidan ubanmu."

Bai fitar ba, ita kuma ko ruwan cikinsa ba ta taɓa kai wa baki ba.

Adaku ta koya wa Sabuwa ƙa'idar abin: a bar girki ya huce sarai kafin a sa, kada a cika kwano har baki don ƙanƙara na kumbura, abin da ya narke kuma ba ya komawa. Sauran Sabuwa ta gano da kanta. Farfesu da miyar taushe suna dawowa kamar yanzu aka sauke. Ɗanyar kuɓewa ba ta yarda, yauƙinta tsinkewa yake. Tuwon masara sai an jera kara a gindin tukunya an turara shi, in ba haka ba ya farfashe. Gurasar da take gasawa a tanderu kuwa, ko ta yi wata guda a ciki, a yayyafa mata ruwa a ɗora a kasko, ki rantse da safen nan aka toya. Lokacin aikin gona, 'yan ƙodagon Malam Sanda har faɗa suke a kan zuwa gonarsa saboda abincin.

'Yarsu guda ce ta rayu, Adama, kuma ita ce ta fari. Kun san kunyar ɗan fari a wajen matan da. Sabuwa ta kai abin ƙarshe. Tun da nake ban taɓa jin sunan Adama a bakinta ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, in ta faɗi ta fasa gwiwa ni ake turo wa. Ranar da aka kai Adama ɗakin miji a Musawa, mu muna kuka, uwar tana madafi tana kankare tukunyar da take tas. Na sha yi mata faɗa a kan haka, ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Shekarar da ta biyo bayan auren, Sabuwa ta fara ramewa. Aka kai ta asibiti, ta dawo da ƙullin magani, ba ta ce wa kowa komai ba. Ana cikin haka labari ya zo daga Musawa cewa Adama na da ƙaramin ciki. Al'adarmu, haihuwar fari a gida ake yinta, uwa ta tsaya a kan wankan jego, ta ciyar da 'yarta da hannunta har a gama arba'in. Washegarin da labarin ya zo na ji ƙamshin kimba da masoro ya tsallako katanga. Na leƙa na tarar da ita a kan tukunyar ƙafar saniya.

"Sabuwa, wa ya haihu?"

"Ba kowa."

"To farfesun mai jego fa?"

Ta ci gaba da juyawa da hannunta na hagu. Da ya huce ta zuba a kwano mai murfi, ta sa a can ƙasan firiji. Daga ranar ba ta fasa ba. Duk sanda jikin ya ɗan sake ta, sai ta ɗora tukunya, kwano a kan kwano. Tun tana yi a tsaye, ta koma a zaune, har ta kai sai na riƙe mata tukunya ta kwashe. Ban tambaya ba, don na gane, kuma gane ɗin ya fi ƙarfin bakina.

Wata rana da hantsi ta kira ni ɗakin firijin. Ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu.

"Ta Bakori, in waccan ta zo wanka, ke za ki ɗumama mata. Daga sama za ki riƙa ɗauka, kada ki tono. Kuma don Allah kada wutar nan ta mutu."

"Ke za ki ɗumama abinki, ni ba baiwarki ba ce," na ce, ina kallon bango don kada ta ga idona.

Ana tsakiyar cirar auduga Allah ya yi mata rasuwa. Adama ta zo gaisuwa da cikinta da bai gama fitowa ba, ta yi kwanakinta ta koma Musawa, ba wanda ya gaya mata abin da ke cikin farin akwatin.

Tsohuwa ce ta zauna a gidan don kula da ƙanenta. Da ta ji abin da ke ciki, ta ce sam, ba za a ba mai jego girkin hannun da ke kabari ba. Muka yi cacar baki har maƙwabta suka fito. Ni na san ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne, amma a ranar da na sami muciya da na rafka mata. Ina tsaye ta durƙusa ta hure wutar, na ga hayaƙi ya tashi siriri. Na tsallaka gida a guje in ɗauko ashana. Da na dawo na iske Tsohuwa a bakin ƙofar ɗakin, ta dafe bango.

"Ke kika kunna?"

"Da me?" na ce. Kwalin ashanar na hannuna, ban ko buɗe shi ba.

Na sunkuya. Wutar na nan tana ci, shuɗiya, ko motsi ba ta yi. Kafin la'asar Tsohuwa ta ɗaure kayanta ta hau motar Kafur, ba ta ƙara kwana a gidan ba.

Shekarar kuwa kananzir ya yi wuya, mutane suka koma aci-balbal da man gyaɗa. Na je wa Malam Sanda da maganar, ya ce, "Allah zai kawo, Ta Bakori." Mutum ne da baƙin ciki ya rufe wa baki, ban matsa ba. Kullum da safe nakan shiga in duba, in ga wuta na ci, in ce a raina, bawan Allah ya samo. Abu ɗaya ne ya riƙa damuna. Lagwanin kullum a gyare yake, an datse baƙinsa, kuma yankan ya karkace gefe guda yadda bahago ke yi. Malam Sanda ba bahago ba ne. Wani lokaci ina shiga sai in ji ƙamshin kimba, alhali murfin na rufe gam, murhun gidan kuma ya yi watanni ba a hura shi ba. Nakan yi sallama kafin in shiga ɗakin, ban san wa nake yi wa ba.

Da cikin ya tsufa aka kawo Adama gida, ta sauka lafiya, mace. Ni na tsaya a kan wanka. Ranar farko na buɗe firijin na ɗauki kwanon da ke sama, wanda Sabuwa ta dafa a ƙarshe. Na ɗumama na ɗanɗana. Ba gishiri ko kaɗan, don a lokacin ciwo ya riga ya kashe mata harshe. Naman manya-manya, albasar ma rabi kawai ta iya rabawa. Na kai wa Adama na gaya mata gaskiyar wanda ya dafa, na miƙa mata gishiri.

Ta dubi kwanon. Ta ture gishirin.

"Bar shi haka, Gwaggo."

Ta cinye tas, hawaye na zuba a ciki.

Haka muka riƙa yi, kullum kwano ɗaya daga sama, in haɗa mata da kunun kanwa da tuwo nawa. Ban lura da abin da ke faruwa ba sai da Adama ta faɗa. Wata safiya ta kurɓi romo ta ɗago kai.

"Gwaggo, yau Inna ta ji sauƙi. Akwai gishiri."

Ashe tunda daga ƙasa Sabuwa ta fara jerawa, duk kwanon da muka sauka, muna komawa ranar da ta fi ƙarfi. Yankan nama ya fara daidaita. Yaji ya fara laushi, alamar hannun da ya iya riƙe taɓarya. Adama ta riƙa jiran kwanon kamar mai jiran saƙo daga asibiti. "Yau ta tashi zaune," in ji ta. Bayan 'yan kwanaki, "Yau da kanta ta yi daka." Tana faɗa tana murmushi, kumatunta na cikowa, nono ya wadaci jaririya. Ni kuwa kowace safiya hannuna na ƙara nutsewa cikin akwatin, tsoro da tausayi suna cina tare.

Ana gab da gama wanka, da hantsi, na sunkuya har kafaɗa na ɗauko kwanon ƙarshe, farfesun ƙafar saniyar nan da na tarar tana juyawa. Ina ɗago shi na ji wani ɗan sauti a ƙasa, kamar mutum ya sauke numfashi. Na leƙa, wutar ta mutu. Na jawo tankin in gani, ya taho fayau ba nauyi. Cikinsa a bushe ƙayau, har zanzaro ya yi gini a bakinsa, ginin ma ya tsufa.

Malam Sanda na tsakar gida yana gyaran fartanya. Na nuna masa.

"Malam, yaushe rabonka da zuba mai?"

Ya dube ni, ya dubi tankin. "Ni? Tun rasuwa ban sami ko kwalba ba. Na ɗauka ke ce kike zubawa."

Ya ajiye fartanyar ya shiga ɗakinsa, na ji yana karanta wa Sabuwa addu'a.

Na ɗora kwanon a wuta. Ƙamshin ya cika gidan har ya tsallaka nawa, irin na Sabuwa sosai, na lokacin da take tsaye da ƙafafunta. Na kai wa Adama. Ta kurɓa, ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba.

"Gwaggo," ta ce, "Inna ta warke."

Ta sha romon, ta tsotse ƙashin, ta side kwanon da yatsa kamar ƙaramar yarinya. Sannan ta miƙo mini shi, fuskarta cike da fara'a.

"Gobe me ta dafa mini?"

Ni da ba a taɓa rufe wa baki ba, na karɓi kwanon na fita wanke shi.