Shiƙar Gero A Bakin Esi

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta da su, amma bazarar da esin ɗakin Innarmu ya mutu, wannan kam ba mai goge mini ita. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙen buhu sai idona ya ciko.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina gida a Tambuwal ina jinyar Inna. Ciwon zuciya ne ya kama ta, ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, in zafi ya taso kuma abin sai ya ninka. Likita ya gaya mana ƙarara cewa a raba ta da zafi. Wanda ya san bazarar garinmu ya san girman wannan magana. Rana ta take, iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi, katifa kamar yanzu aka sauke ta daga murhu. Shi ya sa Yayana, wanda ke koyarwa a Sakkwato, ya matse cikinsa ya sayo esi na hannu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya haɗa da sola, aka kafa. Rabinsa a ɗaki yana hura sanyi, ɗaya rabin kuma, wani akwati mai fanka, an girke shi ƙasa a bayan ɗaki yana fitar da iska. Tun da aka kunna shi Inna ta samu barci.

Sai ga Goggo, yayar marigayi Babanmu, ta iso daga Fakku a bayan babur, ta zo taya ni jinya. Goggo ba ta san zaman banza ba. Wata rana ta gama sussukar gero, ta tsaya a tsakar gida da ƙwarya tana jiran iskar da za ta yi shiƙa, iska ta ce ba ta san zancen ba. Ta zagaya bayan ɗaki, sai akwatin nan ya ɗaga mata gefen zane. Ina wanke-wanke na ji ta ƙwala mini kira.

"Ke ɗiyata, zo ki ga ikon Allah! Ga iska an ɗaure kamar akuya, ku kuna nan zaune!"

Ta ɗaga ƙwarya ta tsiyayo gero a gaban fankar. Tsaba ta zube tas, ƙaiƙayi ya yi gefe. Kafin sati ya zagayo labari ya gama unguwa. Bayan ɗakin Inna ya koma masussuka, mata na layi da ƙorai, ana shewa ana ba'a. Ni ban san abin zai yi wa injin illa ba, hayaniyar ce kawai ta dame ni, ni kuwa ba na iya haɗiye magana.

Na ce, "Goggo, nan fa gidan mara lafiya ne, ba kasuwa ba."

Ta ce, "Ke dai baki gare ki kamar aska. Tambayi Innarki in ta ƙi."

Inna kuwa ta ce a bar su, muryoyinsu na ɗebe mata kewa. Na ja tsaki na koma kan aikina.

Ranar da abin ya faru, rana na tsaka, sai esin ya yi wani gurnani, ya saki ƙauri, ya ɗauke. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, ko tari bai yi ba. Na zari mayafi na nemo mai gyara daga bakin kasuwa. Da ya kwance bayan akwatin sai ya janyo wani abu mai kauri kamar tabarma, ƙaiƙayi ne zalla ya dunƙule. Ya dube ni ya ce, "Malama, kaji kuke kiwo a ciki?" Ya ce injin ta gaba yake hurawa amma ta baya yake shaƙa, duk ƙaiƙayin da ke yawo a lungun nan shi ya sha har ya toshe. Kwamfuresa, wadda ita ke haɗa sanyin, ta ƙone. Sai an sayo wata daga Sakkwato, a ɗura gas, ga kuɗin mota, ga na hannunsa. Ya faɗi jimillar kuɗin. Ya fi albashin Yaya na wata, ga maganin Inna da ba a fashinsa.

Na kira Yaya. Ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata. Watan kuwa bai daɗe da kamawa ba. Na leƙa ɗaki, Inna ta jingina da bango, gumi na bin wuyanta, tana jan numfashi da baki. Na fito na sauke wa Goggo duk abin da ke cikina.

"Kin ga abin da shiƙarki ta jawo mana? Yanzu da me za mu gyara?"

Goggo ta dubi ƙofar ɗakin Inna, sannan ta ce, "Awo, ni na jawo. To faɗa ba shi sanyaya ɗaki. Ɗauko min buhunan algarara."

Ta tsoma su a ruwa ta rataya ɗaya a taga ɗaya a ƙofa, ta sa aka zuba yashi a gefen gado ta yayyafa masa ruwa, ta zauna da mafici. Na tsaya ina kallon ta da raini. Ta ce, "Mi ka sanyaya ruwan randa in ba jiƙar jikinta ba? Iskarmu busassa ta, in ta bi ta kan lema sanyi taka yi." Wallahi ba a jima ba ɗakin ya sassauta. Sai dai iskar da ke kawo sanyin ita ke shanye ruwan, kafin ka juya buhu ya bushe ƙamas, ga ruwa na wuya a bazara.

A nan ne matan shiƙa suka ba ni mamaki. Ba wanda ya aika musu. Wannan ta shigo da bokiti, waccan da jarka a ka, suka raba wuni a tsakaninsu, mai jiƙa buhu daban mai fifita daban. In hannun wata ya gaji wata ta karɓa, ba'arsu kuma ba ta tsaya ba. Duk da haka buhu ba esi ba ne. Ƙafafun Inna suka ƙara hawa. Wata la'asar numfashinta ya sarƙe har na riƙe hannunta ina karanta duk addu'ar da na iya. Ya dawo, amma na san ba za mu kai ƙarshen wata a haka ba.

Da safiyar ranar kasuwa sai na ga mata na shigowa da ƙorai. Raina ya ɓaci, na ɗauka shiƙar ce ba su daddara ba. Ashe kowace juye geronta take a buhu a tsakar gida ta koma. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ga na saki baki, ta ce, "Rufe bakin, 'yar nan, kada ƙuda ya shiga. Iskarku munka sha. Ko jakin aro ai a kan ba shi dusa."

Ana cikin haka ɗan kabu-kabu ya yi sallama, ya miƙa wa Goggo saƙo a ƙulle. Ashe ta aika gida an kai ragonta kasuwa a Kebbe, wanda take ta kiwo don layya.

Na ce, "Goggo, ragon layyarki?"

Ta ce, "Layya kowace shekara zuwa taka yi. Matar ƙanena guda ta."

Aka sayar da geron, aka haɗa da kuɗin ragon, Yaya ya cika da ɗan abin da ya samu, mai gyara ya tafi Sakkwato ya dawo da kaya. Wannan karon bai bar akwatin a ƙasa ba, ya ɗaga shi can jikin bango a kan ƙarafa. Da sanyi ya fara sauka, Inna ta lumshe ido ta yi barcin da rabon ta da shi tun ranar da ya mutu. Na fita neman Goggo na same ta a bayan ɗaki, ta ɗaga kai tana kallon fankar na juyi a sama, ta ce, "Kai, wagga hasarar iska!" Na durƙusa zan ba ta haƙuri, dariya da kuka suka haɗe mini. Ta ce, "Tashi, bakin nan wurina kinka gado shi."

Inna ta ƙara ganin damina da yawa bayan wannan, alhamdu lillahi. Ni kuwa na koyi cewa mai gyara yana iya faɗa maka kuɗin kwamfuresa da na gas, amma ba ya iya ƙiyasta kuɗin hannun da zai wuni yana yi wa uwarka fifita. Tun daga ranar, in gida ya cika da surutun mutane ba na tsaki. Tabarma nake ƙarawa.