Bugun da Na Ɗauka So Ne

Shekaru masu yawa ina riƙe da wannan labari, ko 'ya'yana ban ba su shi duka ba. Jiya wata ta rubuta a nan cewa gabanta na yawan faɗuwa ba dalili, sai na ga shirun ya isa haka.

Wata Laraba ce, a gidanmu na Ƙofar Dumi, shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai. Watana biyar da aure. Na yi makarantar 'yan mata, ba abin da nake so kamar ƙananan littattafan hikaya da maigidana yake aro min. Akawu ne a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, Malam nake ce masa. Ina tankaɗe na ji ya jingine kekensa a zaure. Zuciyata ta hau gudu, tafin hannuna ya jiƙe, rariya ta suɓuce.

Murna na yi. Abin da littattafai ke faɗa ke nan, ni ma ya iso ni.

Sai dai abin bai tsaya kan Malam ba. Mai tallar man gyaɗa ta yi sallama, zuciya ta buga. Akuya ta ture murfin tukunya, ta buga. Ina cin tuwo malmala uku ina ramewa. Ana ruwa kowa na neman mayafi, ni ina fifita. Hannuna na rawa har layin karatu ya riƙa tsalle.

Gwaggo Adda, ƙanwar mahaifin Malam da muke zaune tare, ta ce, "Ko ciki ne, ko karatun nan ne ya hau miki kai. Mutum ya wuni da 'ya'yan sarakunan takarda, ai dole ya rame."

Ni mamaki ya fi min tsoro yawa. Ranar Lahadi na ari agogon Malam, na riƙe wuyan hannuna yadda aka koya mana a makaranta. Na ƙirga bugun ina karanta daidai shafin da masoyi ya dawo daga tafiya. Da na ga kunama a bayan randa, na sake ƙirgawa. Duk ɗaya. Na rasa yadda kunama da so za su zo daidai.

Gwaggo ce ta fara lura da kumburin wuyana, aka kai ni asibiti.

Kwana goma sha biyu na yi. Kullum da safe a auna nauyina, a sa min tsinken auna zafi a baki, a ce in miƙa hannu, a ɗora takarda a kai a ga rawarta. Sista Ladi, nas ɗin ɗakinmu, takan lallaɓo in na yi barcin rana ta ƙirga bugun.

"Ko a barci zuciyarka yana gudu," in ji ta, da irin Hausarta. "Wa kake mafarki?"

Ɗaki ya kwashe da dariya.

Likitan Bature ne, ta bakin tafinta ya yi min bayani. Wani abu a wuya, wurin da maƙoƙo ke fitowa, yana aiki fiye da ƙima, ya hana jikina sauka. Na tambaye shi zancen kunama. Ya ajiye alƙalami. Ya ce jiki tashi iri ɗaya ya iya: zuciya ta yi sauri, gumi ya karyo, ido ya buɗe. Tsoro da fushi da murna duk da shi suke zuwa. Mutum ne ke waiwayawa ya ga abin da ke kusa da shi, ya raɗa wa tashin suna.

Abin da ke kusa da ni ranar Larabar nan, Malam ne.

Aka sallame ni da ƙwayoyi. Ragon da Malam ke kiwo don layya, a hidimar nan ya tafi. Cikin mako shida rawar hannu ta daina, na fara cika zani. Wata rana ya shigo, na saurari ƙirjina, shiru.

A nan tsoro na gaske ya kama ni. In ciwo ne kawai, me ya rage tsakanina da mutumin nan? Na daina sha. Na riƙa zuba ƙwayoyin cikin akwatin littattafaina. Bugun ya dawo, na yi maraba da shi, har ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin murhu.

Malam ne ya gano ƙwayoyin, yana neman littafin da zai mayar wa mai shi.

"Hajara, mene ne wannan?"

Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya zauna bakin gado, ya naɗe hannun riga, ya ciro agogo ya miƙo min.

"Malama mai lissafi, ƙirga tawa."

Na ƙirga. A hankali take tafiya, kamar saniyar da ta ƙoshi.

"To, da wannan malalaciyar na yi ta zuwa asibiti safe da yamma. Ce min ba na son ki."

"Malam, in na sha na tarar babu komai fa?"

"Sai mu nema tare, kina da rai."

Aka kira la'asar, ya fita. Bai ce in sha ba, bai ce kada in sha ba.

Shekara ɗaya da rabi na yi a kan magani kafin likita ya ce in ajiye. Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Malam da Gwaggo Adda. Sista Ladi, duk inda zuri'arki take, na gode.

Ke da gabanki ke faɗuwa, in kina ci kina ramewa, kina jin zafi kowa na jin sanyi, je a duba wuyanki da jininki kafin ki sa wa abin suna. In an ba ki magani, kada ki ajiye shi don kanki.

Ni dai ranar la'asar ɗin nan ban jira Malam ya dawo daga masallaci ba. Ban san abin da zan tarar ba. Na ɗebi ruwa a moɗa, na haɗiye ƙwayar.